Kwanon Tsoho: Fanshon Da Ba A Rubuta Ba A Ƙaramar Hukumar Jere

MAIDUGURI: Da zarar an idar da sallar magariba a Khaddamari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, akan ga yara suna ratsa lunguna ɗauke da kwanukan abinci a rufe. Wani an aike shi gidan kakarsa, wani gidan tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wani kuwa ƙofar gidan malamin da ya koyar da mahaifinsa karatu. Al'ada ce da Barebari da Shuwa da Hausawan yankin suka yi tarayya a kanta tun kaka da kakanni, har ta zame jiki, ba a ma ɗaukarta a matsayin wani abin magana.

Sai dai idan aka auna wannan kwano da ma'aunin tattalin arziki, za a tarar shi ne fanshon da akasarin tsofaffin karkara suka dogara a kansa. Yana kai musu abu biyu a lokaci guda, wato abin da za su ci da kuma wanda zai leƙa su. Rikici da ambaliya da tsadar kayan masarufi sun raunana shi a cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, don haka ya kamata masu tsara kasafin kuɗi su san darajarsa da kuma abin da za a kashe a tallafe shi.

Fanshon da ba ya cikin littafi

Tsofaffin da suka kai shekara 60 zuwa sama ba su wuce kimanin kashi 5 daga cikin ɗari na al'ummar Nijeriya ba. Kason ƙarami ne, amma a ƙasar da aka ƙiyasta yawan jama'arta ya haura miliyan 200, ana maganar mutane wajen miliyan goma ne ko fiye. Kaɗan ne daga cikinsu ke karɓar fansho. Dokar gyaran tsarin fansho ta shekarar 2004, wadda aka sake wa fasali a 2014, ta fi shafar ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni, alhali kuwa alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2024 sun nuna cewa fiye da kashi 90 daga cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan suna neman abincinsu ne a sana'o'in da ba su da rajista ko albashin wata. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a watan Maris na 2019, to amma manomin shinkafar da ya riga ya tsufa a fadamar Jere ya wuce lokacin yin ajiya.

A rubuce, gwamnati ta amsa cewa haƙƙin yana wuyanta. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci wadataccen abinci da kula da tsofaffi da fansho a cikin manufofin da hukuma za ta fuskanta, ko da yake sashen yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa game da tsufa a 2021. Jihar Ekiti ta taɓa gwada biyan tsofaffi marasa galihu Naira 5,000 a kowane wata daga shekarar 2011. Duk da haka, a ƙauyukan Borno abin da tsoho ke samu a kullum daga tukunyar ɗansa ko ta maƙwabcinsa yake fitowa.

Dafaffe da ɗanye

Galibin taimakon da hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke rabawa ɗanyen abinci ne, kamar shinkafa da masara da wake da man girki, ko kuma kuɗi. Ga magidanci mai iyali wannan ya wadatar. Ga tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki kuwa, mudun masara mafarin aiki ne kawai. Sai an surfa, an kai inji, an ɗebo ruwa, an nemo itace ko gawayi, an sayo kayan miya, sannan a tsuguna gaban murhu a tuƙa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin kuɗi ko ƙarfi, ita kuwa duka biyun sun yi mata ƙaranci. Shi ya sa wasu tsofaffin kan sayar da rabonsu da araha su sayi dafaffe, ko su miƙa wa wani gida a riƙa zuba musu.

A nan ne hikimar kwano take. Gidan da ke dafa wa mutum goma, ƙarin kwano na goma sha ɗaya bai buƙatar sabuwar wuta ko sabuwar tukunya, ɗan ƙarin gari ne da ludayin miya. Wanda zai dafa wa kansa shi kaɗai kuwa, itacen da zai ƙona bai yi ƙasa sosai da na mai dafa wa mutum uku ba. Wannan shi ne abin da masana tattalin arziki ke nufi idan suka ce yawa yana rage tsadar kowane guda. Saboda haka Naira ɗaya da aka sa a tukunyar gida mai yawan jama'a ta fi ciyar da tsoho a kan Naira ɗaya da aka damƙa masa a hannu aka bar shi da murhu.

Kuma hanyar rarraba dafaffen abinci a shirye take. Masaniyar tattalin arzikin nan 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta bayyana irin gagarumin cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, yara na kai kaya suna kawo kuɗi. Har gobe haka abin yake a unguwannin Jere, inda masu fura da masu kunu da masu ƙosai da masu tuwon sayarwa suka san kowane gida da wanda ke cikinsa.

Abin da jikin tsoho ke buƙata

Tsufa kan zo da raguwar sha'awar abinci. Haƙora sun zube, ɗanɗano ya dushe, hanji ya yi nauyi, ga ciwon gaɓoɓi da ke hana kai da kawo. Tsoho yana cin ƙasa da abin da matashi ke ci, amma buƙatarsa ta sinadarin gina jiki ba ta ragu ba. Hasali ma masana abinci da dama suna ba da shawarar ya samu wajen giram 1 zuwa 1.2 na wannan sinadari a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace rana, wanda ya ɗara abin da aka ƙayyade wa matashi mai lafiya. Idan bai samu ba, tsoka takan zube sannu a hankali, ƙafa ta yi rauni, faɗuwa ta zo, daga nan sai karaya da doguwar jinya.

Ba sai an je nesa neman magani ba. Wake da gyaɗa da nono da ƙwai da bandar kifin Baga duk suna cikin kasuwannin Maiduguri, haka nan zogale da yakuwa da kuka da kuɓewa. Kunun gyaɗa da alale da fate da burabusko mai wadatacciyar miya abinci ne masu laushi da mara haƙori zai iya ci. Abin kiyayewa shi ne gishiri, domin hawan jini ya yawaita a tsakanin dattawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Sai kuma ruwa. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, alhali zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Mai ciwon sukari da ke shan magani shi kuma yana buƙatar abinci a kan lokaci, domin shan maganin da yunwa na iya kayar da shi.

Zumunta a ƙafa take

Rabin amfanin kwano yana ga wanda ya kawo shi. Yaron da ya yi sallama ya ce, “Kaka, ga tuwo in ji Inna,” shi ne zai koma gida ya faɗa cewa yau Kaka ba ta tashi ba, ko kuma kwanon jiya yana nan ba a taɓa shi ba. Kafin a kwanta uwar gida ta yafa mayafi ta leƙo. Ta haka ake gano zazzaɓi tun bai kwantar da mutum ba, a kai shi ɗakin shan magani kafin abin ya kai ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda kwana kaɗan kan cinye abin da iyali suka tara a shekara. Dattawa maza su kuma suna da ciyayya, inda kowa ke fito da kwanonsa ƙofar gida ko bakin masallaci a haɗu a ci, mai shi da mara shi ba a gane bambanci. An daɗe da lura cewa mutum ya fi cin abinci idan yana tare da jama'a.

Ƙasashen da suka ci gaba sun gano darajar wannan ne bayan da ta kuɓuce musu. A Ingila, ƙungiyar mata masu aikin sa kai ce ta fara kai wa tsofaffi dafaffen abinci gida a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shirin da aka sani da suna Meals on Wheels. Ya isa birnin Filadelfiya na Amurka a 1954, sannan a 1972 Majalisar Dokokin Amurka ta shigar da ciyar da tsofaffi cikin dokar kula da su ta 1965, aka riƙa ware masa kuɗi daga baitulmali. Wani bincike da masana na Jami'ar Brown suka fitar a 2015, wanda ya shafi tsofaffi fiye da 600, ya kwatanta waɗanda ake kai wa abinci mai zafi kullum da waɗanda ake kai wa daskararren abinci sau ɗaya a mako. Waɗanda ake leƙawa kullum sun fi samun sauƙin kaɗaici, sun kuma fi samun kwanciyar hankali a gidajensu. A Japan ma, matan da ke tallar madarar Yakult gida-gida sun soma ziyartar tsofaffin da ke zaune su kaɗai tun 1972, har ƙananan hukumomi suka shiga cikin lamarin.

A watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce mutum ɗaya daga cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar mutane kimanin 871,000 a kowace shekara. Abin da waɗancan ƙasashe ke biyan ma'aikata da motoci su yi, a Jere yaro ne ke yinsa da ƙafa, kyauta.

Abin da ya raunana al'adar

Abu uku suka taru a kan kwanon tsoho a wannan yanki. Na farko shi ne rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009. Ya watsa gidaje, ya halaka magidanta masu yawa, ya bar tsofaffi da marayu a hannu maimakon 'ya'yan da za su ciyar da su. Jere na cikin ƙananan hukumomin da suka karɓi 'yan gudun hijira mafi yawa, a sansanoni irin na Muna da kuma cikin unguwanni. Tsohon da aka tumɓuke daga ƙauyensa ya rasa gona, ya kuma rasa maƙwabtan da suka san shi shekara hamsin, waɗanda ba sai ya roƙa ba. Noman ma ya zama sayar da rai. Ran 28 ga watan Nuwamba na 2020 aka kashe manoman shinkafa aƙalla 43 a gonakin Koshebe, aka yi musu jana'iza a Zabarmari, maƙwabciyar Khaddamari.

Na biyu shi ne ambaliya. Madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda da ke malala zuwa fadamar Jere, ta ɓalle a daren 9 zuwa 10 ga watan Satumba na 2024, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Hukumomin jihar sun ce abin ya shafi mutane kimanin miliyan ɗaya a Maiduguri da Jere. Rumbuna da gonaki da jarin mata masu sana'a a gida duk ruwa ya ci, cutar kwalara kuma ta biyo baya.

Na uku shi ne tsada. Bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da kuma sakin darajar Naira a watan da ya biyo, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a cikin 2024. Hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 daga cikin ɗari a watan Yunin 2024, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin wannan shekarar, idan aka raba wa gida mai mutum bakwai, kowa zai tashi da kimanin Naira 333 ne a rana. Farashin hatsi ya ɗan sauko a 2025, amma a tsakiyar shekarar Shirin Samar da Abinci na Duniya ya ba da sanarwar cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta masa rage agajin da yake bai wa mutane fiye da miliyan ɗaya a arewa maso gabas. Idan tukunya ta ƙanƙance, kwanon da ake fitarwa waje shi ake fara ragewa, tsoho kuwa kunya ba ta barinsa ya aiko ya tambaya.

Yadda za a tallafa, da abin da zai ci

Gina gidajen tsofaffi irin na Turai yana da tsada, jama'a kuma suna ganinsa abin kunya ga zuriya. Cibiyoyin ciyarwa na watan azumi da jihohi irin su Kano da Sakkwato ke buɗewa suna da amfani, sai dai wata ɗaya ne a shekara, kuma mai ƙarfin tsayawa a layi ke samu. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗora a kan abin da ake da shi.

Jere na da mazaɓu 12, kowace da lawanai da bulamai da limamai waɗanda suka san tsohon da ke da mai kula da shi da wanda ba shi da kowa. Su ne za su fitar da sunaye, ma'aikatan lafiya na matakin farko su tantance. Sannan a ɗauki mata masu sana'ar abinci a unguwar, musamman waɗanda rikici ya raba da mazajensu, a biya su su dafa. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri da Jere a 2011, jigila ta koma kan keke da Keke NAPEP, don haka kusanci shi ne babban abin da zai rage tsada. Bai kamata kwano ya yi tafiyar da ta wuce ta ƙafa ba.

Ga misalin lissafi, don a ga girman abin kawai. A ɗauka mazaɓa ɗaya tana da tsofaffi 200 marasa mai kula da su. Kwano ɗaya a rana na tsawon kwana 30 ya zama kwano 6,000. Idan aka ƙaddara kowane kwano, da ladan dahuwa da na kaiwa, a kan Naira 1,000, za a kashe Naira miliyan 6 a wata, wato miliyan 72 a shekara. Mata goma za su samu aikin yi, kowace na dafa wa mutum 20. Kusan dukkan kuɗin zai tsaya a cikin yankin, a hannun manomin shinkafa da mai wake da mai kifi da mai inji. Za a iya haɗa kuɗin daga kason ƙaramar hukuma da zakka da wakafi da gudummawar 'yan kasuwa, ganin cewa jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun nuna ana iya tattara zakka ta hannun hukuma.

Inda ake tsoron tuntuɓe

Akwai darasi a shirin ciyar da 'yan makarantun firamare da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 a kan Naira 70 ga kowane yaro. Shi ma mata masu dafa abinci ya ɗauka, ya kuma taimaka musu, amma jinkirin biya da tashin farashi sun rage abin da ke isa kwanon yaro, har aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a watan Janairun 2024 domin a yi bincike. Don haka dole kuɗin kwano ya riƙa bin farashin kasuwa, a biya mai dahuwa kai tsaye, a kuma karanta sunayen masu amfana a bainar jama'a don kada a cusa na bogi.

Abu na biyu shi ne tsabta. A wurin da kwalara ke yawan leƙowa, abinci ya isa da zafinsa a rufe, ruwan dahuwa kuma ya kasance mai kyau. Na uku shi ne aiken yara, wanda ya kamata ya tsaya ga bayan an tashi daga makaranta, ko a ɗauki matasa a ba su ɗan ihisani. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar sha'ani, shi ne kada taimakon hukuma ya sa 'ya'ya su zare hannu, su ce ai gwamnati ta ɗauke musu. Maganin wannan shi ne a taƙaita shirin ga waɗanda ba su da kowa, sauran gidajen da ke riƙe da tsofaffinsu kuwa a ƙara musu rabon hatsi gwargwadon bakunan da suke ciyarwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin inganta lafiyar tsofaffi, kuma kowace ranar 1 ga Oktoba akan yi taruka da jawabai a Abuja da manyan biranen jihohi. Ga tsohuwar Khaddamari, ma'aunin nasarar duk waɗannan tsare-tsare ɗaya ne, wato ko za ta ji sallamar yaro a bakin ƙofa bayan magariba. Hukumomin Jere da na Jihar Borno suna da damar soma gwaji a mazaɓa ɗaya ko biyu, su ƙidaya abin da aka kashe da abin da aka samu a cikin shekara guda, sannan su yanke shawarar faɗaɗawa bisa ga alkaluman da suka tattara da hannunsu.